Wa Zai Ɗaga Zaituna

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau muka dawo da Zaituna gida. Motar wanta, Yaya Muhammadu Lawal, ce ta ɗauko mu daga asibiti. Direbansa da wani maƙwabcinmu suka shigar da ita ɗaki. Ni na riƙe musu labule, na kuma riƙe ledar magunguna.

Na daɗe ina tace labaran jarida a Kaduna kafin in ajiye aiki in dawo Kazaure, kuma abin da na fi nanata wa sababbin 'yan rahoto shi ne a kira abu da sunansa tun a layin farko. To, ni ba zan rubuta sunan wannan abu ba. Likita ya faɗa da Turanci, ya maimaita da Hausa, ya isa haka. Hannunta na dama da ƙafarta ta dama sun daina amsa kira. Magana tana fitowa da ƙyar, kamar guga daga rijiya mai zurfi. Idon dai yana nan yadda na san shi. Da ta ga yadda 'yarmu Bahijja ta jera kwanuka a kan kabad, sai da ta harare ta.

Kafin Yaya ya tafi ya kira ni zaure.

"Malam Sama'ilu, ba doguwar magana ba ce. Ka san yadda ake yi. Mace in ta yi irin wannan kwanciya, a gidan ubanta ake jinyarta. A Gwiwa ga mata cike da gida, ga hannuwa."

Na ce, "Yaya, ai ga Bahijja."

"Bahijja hutun makaranta take yi. Ana komawa za ta koma Kaduna, ga aikinta ga gidan mijinta. Daga nan wa zai ɗaga ta? Kai?"

Bai dubi teɓata ba, don shi mutum ne mai kara. Bango ya duba. Ya ce ya bar ta har ranar da Bahijja za ta tafi, cikin watan gobe, daga nan zai zo da mota.

An yi yayyafi da yamma. Zaituna ta yi barci.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Sista Monica ta zo. Ita ce mai gashin ƙashi a asibiti, mutuniyar Pankshin, amma ta daɗe a nan har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗin ji. Ta motsa wa Zaituna hannu da ƙafa, ta nuna wa Bahijja yadda ake juya ta. Da ta fito tsakar gida na tare ta, na ce ina so ta koya mini yadda ake ɗaga mutum daga gado zuwa kujera.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ita ba ruwanta da bango. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ce in zauna, na zauna. Ta ce in tashi ba tare da na dafa gwiwa ko ƙasa ba.

Ban tashi ba.

"Baba, ba ƙarfi ne babu ba," in ji ta. "Kana ɗauke da buhu ɗaya a gaba tun safe har dare, ina wurin ɗaukar na biyu? Tuwo malmala nawa kake ci?"

Na ce biyu.

"Uku, Sista!" in ji Bahijja daga kicin.

Na ce na ukun ƙarami ne.

Ta auna jinina, ta ce in biya wurin likita ya ƙara dubawa kafin in fara komai, sa'annan ta zayyana mini. Tuwo ya koma ɗaya, kamar dunƙulen hannuna. Miya in sha yadda nake so, amma a rage mai. Rabin kwano ya zama ganye: zogale, rama, tafasa, duk abin da damina ta kawo. Wake, dafaffen ƙwai, kifin dam gasasshe, nono ba sukari. Lemon kwalba in yi ban kwana da shi.

"Ƙosai fa?"

"Ranar Juma'a, guda biyu. Ni ma ina da tausayi."

Motsa jiki kuwa ba gudu, ba ƙarfen 'yan dambe. Ta ce abin da zan yi a ɗakin Zaituna shi zan riƙa gwadawa a tsakar gida: zama da tashi daga kujera, ɗaukar jarkar ruwa a kowane hannu, ɗaga kaya daga ƙasa da baya a miƙe, gwiwa ce ke lanƙwashewa. Da sanyin safiya kuma in taka da sauri zuwa bakin dam in dawo.

Na tambaye ta ko za a ga wani abu kafin tsakiyar Satumba. Ta ce, "Za a ga wani abu. Ko zai isa, Allah ya sani."

Na ji daɗin amsar. Ba ta yi mini kanun labari mai zuzutawa ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Cinyoyina suna ciwo kamar an yi mini dukan kawo wuƙa. Na tafi dam duk da haka.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Ban taɓa lura da yawan abincin da ciwo ke jawowa gida ba. Duk mai zuwa dubiya da kwano a hannu. Waina, alkubus, shinkafa da mai ya kwanta a kai, farfesun kayan ciki. Mara lafiyar kunu da tuwo mai laushi kawai take iya ci, saboda haka ni ake kallo.

Dela, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, ita ce shugabar wannan runduna. Ta kawo funkaso ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ci za ka yi ina gani. Mai jinya ya fi mara lafiya buƙatar ci."

Na gutsiri kaɗan na yi godiya. Ta dubi kwanon kwaɗon zogalen da ke gabana kamar ta ga abin kunya.

"Wannan ai abincin awaki ne. Ina Hajiya Zaituna ta ga wannan rana!"

Na gano hanya: a karɓa da hannu biyu, a yaba, a ɗanɗana, Bahijja ta kai sauran gidan masu gadi na bayan layi. Kowa ya tsira da mutuncinsa.

Kwaɗon kuwa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan tumatir ba laifi. Ban faɗa wa Dela ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Na yi wauta. Na ga kamar abin ba ya sauri, sai na daina karin kumallo, jiya kuma na tsallake na rana. Yau ana tashi daga raka'ar farko a masallacin Juma'a na ga sahu yana juyawa. Na ƙarasa sallar a zaune.

Bahijja ta kai ƙarata ta waya. Ina jin muryar Sista Monica daga inda nake.

"Ba shi wayar. Baba, azumi na ce ka yi? Kitse muke so ya tafi, ba nama ba. In ka hana jiki abinci, naman cinyarka zai fara ci, da me za ka ɗaga Mama? Ka ci sau uku. Ka ci wake. Ka ci ƙwai."

Na san wannan kuskuren daga wani wuri. Sabon mai tace labari in aka ce ya rage tsawo, sai ya yanke sunan wanda abin ya faru da shi, ya bar sifofin. Na ci ƙosaina biyu da la'asar, da hakkina.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Zaituna ta ce "ruwa" sarai, ba a sa ta maimaita ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Na sa kafinta ya cire ƙofar banɗaki, an rataya labule. Ƙofar ciki take buɗewa. Ranar da abin ya same ta, Zaituna tana ƙasa a bayan ƙofar, ni ina waje ina turawa, da na samu na shiga kuma...

Ba komai. An cire ta. Maƙwabta sun zo da sauri ranar, Allah ya saka musu.

Jarkoki sun fara yi mini sauƙi. Na cika su har wuya.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Sista ta ce lokacin buhu ya yi. Na sayo gero, aka zuba mini abin da bai kai rabin buhu ba aka ɗaure. Ana ɗora shi a kan benci mai tsayin gado, in tsaya a gabansa, ƙafafu a ware, in durƙusa, in rungume shi a ƙirji, in miƙe da ƙarfin cinya, in juya da ƙafa ba da ƙugu ba, in sauke shi a kan kujera a hankali. Ta ce saukewar ta fi ɗagawar wuya, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Bahijja ta kasa riƙe bakinta.

"Abba, ka yi wa baiwar Allah sallama kafin ka rungume ta mana."

Labulen ɗakin Zaituna a ɗage yake don iska. Ina tsakiyar juyawa da buhu na ji wani sauti daga ciki, na sauke da sauri na leƙa. Dariya take yi. Rabin bakinta ne ke yi, ɗayan rabin yana nan shiru, amma dariya ce, har da hawaye. Rabon da in ji ta tun kafin ranar nan.

Na koma na sake ɗaga buhun, na ƙara masa nishi fiye da yadda ya cancanta.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Ruwa ya hana ni zuwa dam. Na yi zama da tashi a zaure ina sauraron labaran rediyo. Mai karantawa ya ce "an yi asarar rayuka" sau uku bai faɗi na mutum nawa ba.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan asuba

Na tashi daga sujada ban dafa bango ba. Sai da na yi sallama na lura. Shekaru ina zaɓen gefen sahu saboda bangon nan, har ladan ya san wurina. Ba wanda ya lura sai ni, kuma hakan ya yi mini daidai.

Bakin dam ya yi kyau a 'yan kwanakin nan. Duwatsu sun yi kore, gero ya fitar da kai. Akwai wani mai kamun kifi da muka saba gaisawa, yau ya ajiye mini karfasa biyu. Na gasa su da kaina a kan gawayi, na ɓare wa Zaituna tsokar ɗaya, na cire ƙaya. Ta ci da hannun hagu. Ta ɓata zane, ta harare ni don na gani.

Talata, 2 ga Satumba, da yamma

Mazagin wandona ya yi tsawo har yana leƙowa ƙarƙashin riga. Na kai wa Daudu tela wanduna uku ya rage. Ya auna ƙuguna, ya dubi tsohon awon da ke jikin wandon, ya ajiye tef ɗin, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, Allah ya yaye. Ka riƙa sa wa ranka haƙuri. Kowa da irin jarrabawarsa."

Na ce masa da gangan nake yi. Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa wanda ya ce ba kuka yake ba, hayaƙi ne ya shiga idonsa.

A hanyar dawowa mutum biyu suka ce mini "ya jiki". Ban kawo komai ba, na ce da sauƙi, ina nufin Zaituna. Sai na biyun ya ce, "A'a, naka nake tambaya."

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan azahar

Dela ta kawo jiƙo a gora, wai na ciwon shawara ne, idona ya faɗa. Ta ce a garin nan ba a taɓa ganin magidanci ya zube haka ba sai da dalili. Na yi mata bayanin kitse da hawan jini da ƙarfin cinya dalla-dalla, kamar ina rubuta sharhi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya ba ka lafiya."

Na karanta a wurare da dama cewa ƙiba cuta ce. A layinmu kuwa ƙiba shaida ce: ana ciyar da kai, hankalinka a kwance yake, matarka ta iya. Duk abin da na sauke, a idon mutane wani abu ne aka ƙwace mini.

Ni kuwa ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba tun ina ɗan rahoto mai bin kotuna da ƙafa.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Yau Zaituna ba ta yi magana ba. Ta juya wa ƙofa baya.

Litinin, 8 ga Satumba, da yamma

Haka ma yau. Bahijja ta ce jiya wasu masu dubiya sun yi zancen Gwiwa a gabanta kamar ba ta wurin. Na ɗaga buhu. Na ci wake da alayyahu.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Na ɗaga ta.

Sista Monica tana tsaye a dama, Bahijja a hagu. Aka zaunar da ita a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa. Na sa gwiwata a gaban gwiwarta ta dama don kada ta lanƙwashe. Hannuwana a bayanta, ba a hammata ba, kuma ba a taɓa jan hannun da ba ya amsawa, Sista ta maimaita wannan har na haddace. Ta ɗora hannun hagu a kafaɗata. Na ce, "Bismillah," ta karkato, na miƙe.

Ba ta kai buhun wuyar riƙewa ba, don buhu ba ya taimakon kowa. Ita ƙafarta ta hagu tana tura ƙasa da ƙarfin gaske. Muka tsaya ƙirji da ƙirji. Tana warin man zafi da sabulun da ta saba. Na juya, na sauke ta a kujera kamar ƙwai.

Ta ce, "A... hankali." Bayan an gama ta faɗa, don dai kada a ce ba ta gyara mini komai ba. Ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare, ba ta saba ba da maki cikakke ba.

Sista ta tafa sau ɗaya ta ce a sake. Muka sake.

Asabar, 13 ga Satumba, da safe

Muna tsinke zogale ni da Bahijja, ta ce, "Abba, ka tambayi Umma kuwa?"

"Me?"

"Ko tana son zama, ko tana son tafiya. Kawu ya yanke, kai ma ka yanke. Ita fa?"

Na ce zan tambaye ta.

A Gwiwa akwai ɗakin da aka haife ta, akwai matan da suka yi wasan ƙasa tare, akwai masu hira daga safe har dare. A nan akwai ni da rediyo. Na kori 'yan rahoto da yawa su koma su ji ta bakin ɗaya ɓangaren kafin in karɓi labarinsu.

Ban tambaye ta ba.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan azahar

Yaya ya bugo waya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Malam Sama'ilu, labari ya iso mini. An ce ka zube, wuyanka kamar na zakara. An ce ganye kake ci. An ce ana ganinka da asuba kana yawo kai kaɗai a bakin ruwa. Subhanallahi! Me ya sa ba ka faɗa mini abin ya kai haka ba?"

"Yaya, lafiyata ƙalau. Da niyya na—"

"Kowa haka yake cewa. Ni na yi laifi da na bar muku ita. Maimakon jinya ɗaya ga biyu. Ina nan zuwa Asabar."

Ban tambayi wanda ya kai labarin ba. Katanga ɗaya ce, kuma ƙanwar Dela a Gwiwa take aure. Ba ta yi don mugunta ba. Da a ce mugunta ce da na san abin da zan faɗa.

Abin da na yi don a bar mini ita, shi ne ya zama hujjar ɗauke ta. A jarida da na ce wa marubucin ya rage gishiri.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Na ciro babbar rigar da na yi bikin Bahijja da ita, na ce ko za ta cika ni a idon Yaya. Na gwada a gaban madubi. Kamar an rataya ta a ƙusa. Na mayar da ita akwati.

Bahijja ta haɗa jakarta, jibi za ta tafi. Ta tambaye ni ko ta haɗa ta Umma. Na ce ta bari tukuna.

Ƙosai biyu. Ɗaya na ci.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Sun iso da hantsi: Yaya, direbansa, da Inno, 'yar baffansu da mijinta ya rasu, wadda aka zo da ita don ta riƙe Zaituna a bayan mota. Yaya ya fito ya gan ni, ya ce "Inna lillahi," ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya sa direba ya sauke buhun gero da galan na man shanu da zabi huɗu, wai in mayar da jikina bayan sun tafi. Na so in sunkuci buhun nan a gabansa don a gani. Na tuna ba don kallo aka koya mini ba. Na yi godiya.

Aka gaisa, aka sha ruwa. Yaya ya ce rana tana yi, a fito da ita. Inno da direba suka shiga ɗaki, ina biye. Direban yaron kirki ne, shi ya shigo da ita ran farko. Ya miƙa hannu ya kama damtsenta na dama zai ja.

Na ce, "Dakata!"

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Yaya ba tun ranar da aka ba ni ƙanwarsa. Na ce, "Ba a jan wannan hannun. Ku ba ni wuri."

Na zaunar da ita a bakin gado, na gyara mata ƙafafu, na sa gwiwa. Ta ɗora hannun hagu a kafaɗata tun kafin in ce. Bismillah. Muka miƙe. Na juya da ita zuwa keken da asibiti suka ba mu aro, na sauke ta a hankali, na tura ta tsakar gida, na sake ɗaga ta zuwa kujerarta da ke ƙarƙashin bishiyar lemo. Numfashina bai canja ba. Na lura da wannan, kuma na san Yaya ya lura, ko da yake lokacin da muke ƙirji da ƙirji ya juya yana nazarin bango.

Ya zauna a tabarma kusa da ƙafafunta.

"Na gani," in ji shi. "Ban ce ban gani ba. Amma ɗagawa ɗaya ba ita ce jinya ba. Zaituna, dubi mijinki. Dube shi da kyau. Mutumin da ƙofar motata take yi masa kaɗan. Jinyar nan za ta ƙarasa shi. Ke ma ki tausaya masa. Me kika ce?"

Tambayar da na yi mako ina kewaya, shi ya yi ta a zaune a tabarmata. Na dubi ganyen lemo.

Ta dube ni daga hula har takalmi, kamar ɗalibin da ya makara. Bakinta ya yi ta aiki kafin kalmar ta fito.

"Ya... rame."

"Kin gani!" in ji Yaya. "Ita ma ta gani."

Ta ɗaga hannun hagu, ya yi shiru.

"In na tafi... wa zai... sa shi... ya ci?"

Inno ta ce, "Ikon Allah." Bahijja ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba.

Yaya ya ce, "Ke da cokali ma da ƙyar kike riƙewa, da me za ki sa shi?"

"Da ido, Kawu," in ji Bahijja daga cikin gyale. "Ai ka san ta."

Ya san ta. Shi ya goye ta tana yarinya. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Ya dubi Inno, ya dube ni.

"Inno za ta zauna, saboda wanka da abin da ya shafi mata. Wannan ba shawara ba ce. Kuma Malam Sama'ilu, bayan girbi zan dawo. In na tarar da kai haka, wallahi ku biyun zan kwasa."

Na ce na ji, Yaya.

Ya ci abincin rana da mu. Na sa masa tuwo biyu, na sa wa kaina ɗaya da rama. Ya dubi kwanona ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta. Amma ya ɗebi ramar sau biyu.

Da motar ta tafi na dawo tsakar gida. Zaituna tana nan a kujera. Mako huɗu tana kallona ta labule ina rungumar buhu, ta ji duk abin da Sista Monica ta faɗa a kan tuwo da mai, ta fi kowa sanin inda teɓar ta tafi. Na ce, "Ashe na rame?"

Ta lumshe idon hagu, ta buɗe.

Da aka kawo tuwon dare ta ci rabin nata, ta turo mini sauran da bayan hannu. Na ce na riga na ci ɗayana. Ta harare ni.

Na cinye.

Lahadi, 21 ga Satumba, da yamma

Bahijja ta tafi da jaka ɗaya. Inno da Dela sun riga sun haɗa kai a kan man shanu, zan sha fama.

Na ɗaga ta da safe, na ɗaga ta da azahar, na ɗaga ta da la'asar. Ta ce shayin ya yi sanyi.